Faɗuwar jiragen jigilar soja a lokacin yaƙi: Kaduna, Yamai da maƙwabta

Da yammacin Juma'a 21 ga watan Mayun 2021, wani jirgin rundunar sojan saman Najeriya ya faɗi daf da filin jirgin saman Kaduna. Mutum 11 ne a cikinsa, kuma babu wanda ya fita da rai. Daga cikinsu akwai babban hafsan sojan ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, wanda bai cika wata huɗu ba a kan muƙaminsa. Ga mutanen Matamaye da kewaye, waɗanda kasuwa da auratayya suka haɗa da Daura da Kano ta hanyar Ɗan Barto, labarin Kaduna labarin gida ne. Akwai kuma wani dalili na biyu: gidaje da dama a jihar Damagaram suna da ɗa ko ƙane ko miji a cikin soja, kuma irin waɗannan jirage ne ke kai su fagen daga, su ne kuma ke dawo da su in sun ji rauni. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata mai karatu ya sani game da waɗannan jirage, manyan hatsarorin da suka auku a yankinmu, abubuwan da ke haddasa su, da yadda ake bincike bayan faɗuwar jirgi.

Mene ne jirgin jigilar soja

Jirgin jigilar soja shi ne wanda aikinsa ɗaukar dakaru, abinci, man fetur, harsasai, motoci da masu rauni daga wuri zuwa wuri. Ya bambanta da jirgin yaƙi mai jefa bam, wanda yawanci mutum ɗaya ko biyu ne a cikinsa. Shi ya sa in jirgin yaƙi ya faɗi ake maganar matuƙi, in na jigila ya faɗi kuwa ake maganar gomman rayuka, wani lokaci ɗaruruwa.

Wanda aka fi sani a yankinmu shi ne C-130 Hercules, ƙirar kamfanin Lockheed na Amurka, da ya fara tashi a 1954. Yana da inji huɗu masu farfela, yana ɗaukar soja 92 ko gadajen marasa lafiya 74, kuma yana iya sauka a fili mai tsakuwa ko ƙasa zalla. Akwai Il-76 da jiragen Antonov, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, waɗanda Aljeriya da Sudan ke amfani da su. Akwai ƙananan jirage masu inji biyu irin King Air 350, da ke ɗaukar manyan hafsoshi ko na'urorin leƙen asiri. Sai jirage masu saukar ungulu irin Mi-17 na Rasha da Cougar na Faransa, waɗanda ke shiga inda babu filin sauka sam.

Me ya sa soja ba ya iya rabuwa da su

Nijar ƙasa ce mai faɗi. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, daga Yamai zuwa Difa kuwa sama da kilomita 1,300. Wanda zai kai kaya Dirku ko Madama ta ƙasa sai ya yi kwanaki a cikin rairayi. Tun daga 6 ga Fabrairun 2015, ranar da Boko Haram ta fara kai hari Boso da Difa, da kuma bayan da rikici ya tsananta a jihar Tilaberi, tafiyar ayarin motocin soja ta ƙara zama mai haɗari saboda kwanton ɓauna da nakiyoyin da ake binnewa a hanya. Tafiyar da mota za ta yi kwana biyu, jirgi na yin ta cikin sa'o'i uku. Sojan da harsashi ya samu a ciki ko a ƙirji ba zai jure doguwar tafiya a bayan mota ba.

To amma nan ne matsalar take. Yaƙi na sa a yi ta aiki da jirage ƴan kaɗan ba hutu, a cika su da kaya, a tashi da dare ko cikin hazo, a sauka a filayen da babu fitila. Abin da jirgin fasinja zai ƙi yi, jirgin soja umarni ake ba shi ya yi.

Hanyar Kano a yaƙin duniya na biyu

Jiragen soja sun daɗe suna ratsa samaniyar ƙasar Hausa. Jiragen farko da suka sauka a Kano, a watan Nuwamban 1925, na sojan saman Ingila ne da suka taso daga Masar. A yaƙin duniya na biyu, lokacin da tekun Bahar Rum ya yi wa Ingila wuyar ratsawa, sai ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa tashar ruwan Takoradi a ƙasar Gana ta yau. A nan ake harhaɗa su, sannan a tuƙa su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy (Njamena ta yau), Darfur da Kartum har zuwa Alƙahira. An buɗe hanyar a watan Satumban 1940, bayan gwamnan Cadi Félix Éboué ya bi Janar de Gaulle a ƙarshen watan Agusta. Nijar a lokacin tana hannun gwamnatin Vichy, har zuwa ƙarshen 1942, don haka matuƙan na kaffa-kaffa kada su ɓata hanya su shigo samaniyar Damagaram.

Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Ba a harbin su a mafi yawan tafiyar, amma duk da haka an yi asarar jirage da matuƙa, saboda hazo, guguwar damina, rairayin da ke shiga inji, da ƙarewar mai. Haka aka gani a wani fagen na yaƙin, inda jiragen Amurka ke ɗaukar kaya daga Indiya zuwa Sin ta kan duwatsun Himalaya tsakanin 1942 da 1945: kusan jirage 600 suka salwanta, mutum sama da 1,600 suka mutu ko suka ɓace, kuma yanayi da duwatsu sun fi abokan gaba cin rayuka. Wannan darasi bai canza ba har yau.

A yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, filin jirgin Kano ya sake zama cibiya. A nan manyan jiragen dakon kaya na Sobiyet suka sauke jiragen yaƙi samfurin MiG a watan Agustan 1967. A watan Mayun 1968 babban hafsan sojan ƙasa, Kanar Joseph Akahan, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu, daga nan muƙamin ya koma hannun Hassan Usman Katsina. Ranar 5 ga Yunin 1969 kuma wani jirgin MiG na gwamnatin tarayya ya harbo jirgin agaji na Red Cross da ke kan hanyar Biyafara, abin da ya nuna cewa a fagen yaƙi duk jirgin da ke ɗauke da kaya ana iya yi masa kallon abokin gaba.

Hatsarin Kaduna na 2021

An haifi Ibrahim Attahiru a Kaduna a 1966. A 2017 ya jagoranci rundunar Lafiya Dole da ke yaƙi da Boko Haram a arewa maso gabashin Najeriya, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi babban hafsan sojan ƙasa ranar 26 ga Janairun 2021. A ranar da ya rasu ya taso daga Abuja ne cikin jirgin King Air 350, da niyyar halartar bikin yaye sabbin kurata a Zariya washegari.

Lokacin farkon damina ne, hadari ya haɗu a kan Kaduna. Jirgin ya nufi filin sojan sama, amma saboda yanayi aka karkatar da shi zuwa filin jirgin fasinja, kuma a wurin sauka ne ya faɗi ya kama da wuta. Tare da Janar Attahiru an rasa birgediya janar uku, ciki har da shugaban sashen leƙen asirin sojan ƙasa, Abdulrahman Kuliya, da manjo biyu, da saja ɗaya, da ma'aikatan jirgin huɗu. An yi jana'izarsu washegari Asabar a maƙabartar soja ta Abuja. Ranar 27 ga Mayu aka naɗa Faruk Yahaya, ɗan jihar Sakkwato, a madadinsa.

Abubuwa biyu suka ƙara wa lamarin nauyi. Na farko, hatsarin ya zo a makon da ake ta yaɗa labarin mutuwar Abubakar Shekau a dajin Sambisa, wato a daidai lokacin da yaƙin ke sauya salo rundunar ta rasa shugabanta da wasu daga cikin na kusa da shi a jirgi ɗaya. Na biyu, wata uku kafin nan, ranar 21 ga Fabrairu, wani King Air 350 na rundunar ya faɗi a Abuja da mutum bakwai. Shi wannan ya tashi ne zuwa Minna domin taimakawa wajen neman ɗaliban makarantar Kagara da aka sace, matuƙin ya ba da sanarwar matsalar inji, ya juyo, bai kai filin ba.

Rundunar sojan sama ta gayyaci hukumar binciken hatsarin jirage ta farar hula domin ta taimaka. An samo na'urorin naɗar bayanan jirgin, kuma a watan Satumban 2021 hukumar ta miƙa rahoton wucin gadi ga shugaban rundunar. Hannun soja rahoton ya shiga, ba a baza shi ga jama'a ba, abin da ya bar ƙofa a buɗe ga zarge-zarge iri-iri a shafukan sada zumunta.

Ejigbo 1992 da Yamai 1997

Hatsarin jirgin soja mafi muni a tarihin Najeriya ya auku ne ranar Asabar 26 ga Satumban 1992, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da dakarun ƙasar ke cikin yaƙin Laberiya ƙarƙashin ECOMOG. Wani C-130 ya tashi daga Legas zai nufi Kaduna ɗauke da hafsoshin da ke kwas a kwalejin soja ta Jaji. Mintuna kaɗan bayan tashi, injuna uku daga cikin huɗu suka mutu. Jirgin, wanda ke cike maƙil da mutane da mai, ya faɗa cikin fadamar Ejigbo. Sama da mutum 150 suka rasu, akasarinsu masu muƙamin manjo ko makamancinsa, har da baƙi daga wasu ƙasashen Afirka. Taɓo da ruwa sun hana masu ceto isa wurin da wuri. A yini ɗaya rundunar ta rasa sahun hafsoshin da ake sa ran za su riƙe ta shekaru goma zuwa ashirin masu zuwa.

Ita ma Nijar ta ɗanɗana. Ƙasar ta sayi C-130 guda biyu a 1979. Ranar 16 ga Afrilun 1997, zamanin Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara, lokacin da ba a gama kashe wutar tawayen arewa da gabas ba, ɗaya daga cikinsu ya faɗi a ƙauyen Sorey yana shirin sauka a Yamai, bayan wuta ta kama injunansa biyu. Mutum 14 suka rasu. Ga ƙasar da ke da irin wannan jirgi guda biyu kacal, rabin ƙarfinta na ɗaukar manyan kaya ya tafi ke nan. Sai a watan Janairun 2021 Amurka ta miƙa wa Nijar wani C-130 a sansanin sojan sama na 101 da ke Yamai. A wannan sansanin ne kuma, ranar 26 ga Disamban 2022, wani Mi-17 ya faɗi wajen sauka bayan atisaye, mutum uku da ke ciki suka rasu: sojan Nijar biyu da wani mai horarwa ɗan ƙasar waje.

Mali, Aljeriya, Sudan

A daren 25 ga Nuwamban 2019, a yankin Menaka na ƙasar Mali kusa da iyakarmu, jirage masu saukar ungulu biyu na rundunar Barkhane, Tigre na yaƙi da Cougar na jigila, suka yi karo a sama suna tallafa wa dakarun ƙasa da ke bin sawun ƴan bindiga. Babu farin wata a daren. Sojan Faransa 13 suka mutu, 11 daga cikinsu a cikin Cougar. Tun harin Beirut na 1983 Faransa ba ta yi asarar soja mai yawan haka a lokaci ɗaya ba. Ƙungiyar IS ta yi iƙirarin ita ta haddasa hatsarin, amma rahoton hukumar binciken Faransa, wanda aka wallafa a farkon 2021, ya nuna cewa matuƙan ba su ga juna ba, kuma an samu ruɗani a maganganun da ake yi ta rediyo game da matsayin kowane jirgi.

Aljeriya, wadda mutanen Kance da dama suka san hanyarta, ta ga hatsari biyu manya cikin shekaru huɗu. Ranar 11 ga Fabrairun 2014 wani C-130 da ya taso daga Tamanrasat zai je Constantine ya daki dutse a yankin Oum El Bouaghi cikin iska da dusar ƙanƙara. Mutum 77 suka mutu, ɗaya ya tsira. Ranar 11 ga Afrilun 2018 kuma wani Il-76 ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga sansanin Boufarik, kusa da birnin Aljas, a kan hanyarsa ta zuwa Bechar da Tindouf. Mutum 257 suka rasu. A duka biyun akwai iyalan soja, mata da yara, domin a ƙasashe masu faɗin hamada jirgin soja kan zama motar zuwa gida.

A Sudan, inda aka fara yaƙi tsakanin soja da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, wani jirgin Antonov na soja ya tashi daga sansanin Wadi Seidna ranar 25 ga Fabrairun 2025 ya faɗa kan gidaje a Omdurman. Hukumomin jihar Kartum sun ce mutum 46 suka mutu, har da mazauna unguwar da ba su san hawa ba balle sauka.

Abubuwan da ke kayar da jirgin jigila

Harbi daga ƙasa. Jirgin jigila babba ne, ba shi da saurin kauce wa hari, kuma ya fi rauni a lokacin tashi da sauka, inda yake ƙasa-ƙasa. Makami mai linzami na kafaɗa yana bin zafin inji, amma ba ya kai wa jirgin da ya yi nisa sama. Irin waɗannan makamai sun bazu bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Ranar 14 ga Yunin 2014 an harbo Il-76 na Yukren yana shirin sauka a Luhansk, mutum 49 suka mutu. Bindiga mai sarrafa kanta ma tana iya isa. Ranar 30 ga Janairun 2005 an harbi wani Hercules na Ingila a Iraƙi, tankin man da ke cikin fiffikensa ya fashe, mutum 10 suka mutu. Bincike ya nuna cewa babu kumfar kariya da ke hana tanki fashewa a jirgin, daga baya aka sanya ta a sauran.

Yanayi. A Sahel yanayi na da fuska uku. Hadarin damina na zuwa da iska mai juyawa da ke iya danna jirgi ƙasa a daidai lokacin sauka. Hazon hunturu na rufe fili har matuƙi ya kasa ganin titi. Zafin bazara kuwa na sa iska ta yi shara-shara: a ranar da zafi ya haura digiri 40, inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fiffike ba ya ɗaukar nauyin da zai ɗauka da asuba, jirgi na bukatar titi mafi tsawo. Jirgi mai saukar ungulu na da tasa matsalar, domin ƙurar da farfelarsa ke tayarwa kan makantar da matuƙi a mitocin ƙarshe kafin ya taɓa ƙasa.

Lodi. Duk direban babbar mota ya san abin da lodi marar daidaito ke yi a kwana. A sama abin ya fi muni. Ranar 29 ga Afrilun 2013, a sansanin Bagram na Afganistan, wani jirgin Boeing 747 da sojan Amurka suka yi haya ya tashi da motocin sulke biyar. Ɗaurin ya tsinke, kaya suka zame baya suka lalata na'urar sarrafa jelar jirgin, ya miƙe sama sannan ya rikito. Mutum bakwai suka mutu.

Gyara da tsufa. Jirage da yawa da ke aiki a Afirka sun haura shekara talatin ko arba'in. Tsufa kaɗai ba ya kayar da jirgi in ana duba shi a kan kari, amma kayan gyara daga ƙasar da ta ƙera shi suke zuwa, da kuɗin waje ake sayen su, kuma dangantakar siyasa na iya buɗe ko toshe hanyarsu. Ranar 4 ga Afrilun 1975, a ƙarshen yaƙin Biyetnam, ƙofar baya ta wani babban jirgin Amurka samfurin C-5 da ke kwashe marayu daga Saigon ta ɓalle a sama saboda makullanta ba su kama daidai ba. Mutum 138 suka mutu, 78 daga cikinsu yara.

Gajiya da kuskuren ɗan Adam. Ranar 2 ga Oktoban 2015, a Jalalabad ta Afganistan, matuƙin wani C-130 ya tokare sitiyarin jirgi da akwatin tabarau na ganin dare domin a samu sararin shigar da dogon kaya. Cikin duhu aka manta da akwatin. Jirgin ya tashi, sitiyari ya ƙi turuwa gaba, mutum 14 suka mutu. Akwai kuma matsin da ba a rubutawa a takarda: ƙaramin hafsa da ke tuƙa janar yana jin nauyin cewa ba zai sauka ba, ko ba zai tashi ba. Shi ya sa dokar aikin jirgi ta ce matuƙi ne mai magana ta ƙarshe a cikin jirginsa, komai girman wanda ya ɗauko.

Hayar jirage. Rundunoni da dama na hayar jiragen ƴan kasuwa su yi musu dako. Ranar 14 ga Oktoban 2017 wani Antonov da sojan Faransa suka yi haya domin aikin Barkhane ya taso daga Wagadugu ya faɗa teku a Abijan cikin ruwan sama mai ƙarfi, ma'aikatansa huɗu ƴan ƙasar Moldoba suka mutu.

Galibi ba dalili ɗaya ke kayar da jirgi ba. Inji mai rauni, lodi mai yawa, zafin rana da gajiyar matuƙi, kowanne shi kaɗai ana iya tsallake shi. Ranar da suka haɗu ne ake samun gawa.

Harbo shi aka yi ko faɗuwa ya yi

Wannan ita ce tambayar farko da ake yi a majalisa da tasha, kuma kowane ɓangare na da riba a amsar da yake bayarwa. Ƴan bindiga na son a ce su suka harbo, domin a ji tsoronsu. Rundunar soja ta fi son a ce yanayi ne ko inji. Misali shi ne abin da ya faru ranar 14 ga Agustan 2023 a ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja a Najeriya, inda wani Mi-171 da ya ɗauko gawarwaki da masu rauni daga Zungeru zuwa Kaduna ya faɗi kusa da ƙauyen Chukuba. Ƴan bindiga suka fitar da bidiyo suna cewa aikinsu ne, rundunar ta ce hatsari ne. Hedikwatar tsaro ta bayyana cewa soja 36 aka rasa, in aka haɗa da waɗanda aka kashe a kwanton ɓaunar da ta gabaci faɗuwar jirgin.

Masu bincike na da hanyoyin ganewa. Ramukan da ƙarfe ya huda daga waje zuwa ciki, da ɓurɓushin nakiya a jikin jirgi, alamar harbi ce. Tarkacen da ya watsu a kan kilomitoci na nuna jirgin ya tarwatse tun a sama, wanda ya taru wuri ɗaya kuwa ya iso ƙasa a haɗe. Yadda farfela ta lanƙwashe na nuna ko inji na aiki a lokacin da ya daki ƙasa. Sai na'urori biyu da ake kira baƙin akwati, ko da yake launinsu ruwan lemu ne: ɗaya na naɗar maganar matuƙa, ɗaya na naɗar gudu, nisa daga ƙasa da aikin injuna. Wasu tsofaffin jiragen soja ba su da su. Irin wannan aiki na ɗaukar watanni, don haka duk wanda ya ba da tabbacin dalili a ranar hatsari, hasashe yake yi.

Abin da doka ta ce

Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa hukumar kula da zirga-zirgar jiragen farar hula ta duniya, ta tanadi yadda ake binciken hatsari da fitar da rahoto. Amma sashe na 3 na yarjejeniyar ya cire jiragen soja, na ƴan sanda da na duwan daga cikinta. Ma'ana, kowace ƙasa ita ke yanke yadda za ta binciki hatsarin jirgin sojanta, da ko za ta faɗa wa jama'a sakamakon. Faransa na da hukuma ta musamman da ke wallafa irin waɗannan rahotanni. A ƙasashe da yawa kuwa rahoton na tsayawa a ma'aikatar tsaro. Akwai sirrin da ya dace a ɓoye, kamar hanyar da jirage ke bi da na'urorin kariyarsu, amma iyalan mamata na da haƙƙin sanin abin da ya kashe nasu, kuma kuskuren da aka binne yakan sake dawowa.

A dokokin yaƙi, jirgin da ke ɗauke da dakaru ko makamai halattaccen abin hari ne. Jirgin da aka keɓe domin marasa lafiya kuma aka yi masa alama yana da kariya ƙarƙashin yarjejeniyoyin Geneva. Ƙarin yarjejeniya ta 1977 ta kuma haramta harbin mutumin da ya diro da lema daga jirgin da ke faɗuwa.

In jirgi ya faɗi kusa da gari

Mutanen ƙauye ne kusan kullum ke fara isa wurin hatsari, kafin soja da likita. Jirgin soja na iya kasancewa ɗauke da harsasai, rokoki da gangunan mai waɗanda ke ci gaba da fashewa bayan wuta ta lafa, don haka a tsaya nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa, a hana yara matsawa. Hayaƙin jirgi mai guba ne. A sanar da mai gari da jandarma nan take, ko a kira 18 domin ƴan kwana-kwana, 17 domin ƴan sanda. Wanda aka samu da rai kada a ɗaga shi da ƙarfi sai in wuta na kusa da shi, saboda karayar wuya ko gadon baya.

Kada a ɗauki komai daga tarkacen. Guntun ƙarfen da yaro zai kai wa masu sayen gwangwan na iya zama harsashin da bai fashe ba, ko kuma shi ne shaidar da masu bincike ke nema. Hotunan gawarwaki kuma kada a tura su a WhatsApp ko Facebook. A bar hukuma ta fara sanar da iyalan waɗanda suka rasu, kada uwa ta fara ganin gawar ɗanta a wayar maƙwabciya.